Tsibirin da babu ɓarawo: kunya ce ke tsare mutane ko rashin wurin gudu?

Malam Sabo:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani tsibiri a kudancin tekun Atlantika mai suna Tristan da Cunha, wanda ake cewa duk duniya babu garin da ya kai shi nisa da sauran mutane. Daga Cape Town kusan kilomita 2,800 ne. Ba shi da filin jirgin sama, sai dai jirgin ruwa, tafiyar wajen kwana shida. Mutanensa ba su kai 300 ba, duk a gari ɗaya suke, kuma ɗan sanda mai cikakken aiki guda ɗaya tak gare su, sai 'yan ƙalilan masu taimaka masa idan buƙata ta taso.

Asalin garin daga 1817 ne, lokacin da sojojin Birtaniya suka janye, wani kofur mai suna William Glass ya zaɓi ya zauna da iyalinsa da abokai biyu. Suka rubuta yarjejeniya cewa komai a raba daidai, kuma kada wani ya ɗaga kai sama da wani. Har yau ƙasar tsibirin ta jama'a ce baki ɗaya, har shanun da kowane gida zai kiwata an ƙayyade, don kada mai hali ya cinye makiyaya. Da dutse ya yi aman wuta a 1961 aka kwashe su duka zuwa Ingila. Sun ga mota, sun ga talabijin, amma da aka kaɗa ƙuri'a 148 suka ce a koma gida, 5 kawai suka ƙi, a 1963 akasarinsu suka koma.

Tambayata ita ce: wannan bai nuna cewa yawan 'yan sanda da gidajen yari alama ce ta al'ummar da ta daina sanin juna ba? Inda kowa ya san uban kowa, kunya kaɗai ta isa doka.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Malam. To ka saci talabijin a garin mutum 250, ka kai ta ina? Wa zai saya? Mai ita ne zai zo gaishe ka da yamma ya tarar kana kallo a cikinta 😂

Malam Sabo:
Ai ka taya ni magana ne, Abban Sadiq. Ba Tristan kaɗai ba. Tokelau a tekun Fasifik, ƙananan tsibirai uku ƙarƙashin New Zealand, mutane kusan 1,500, babu gidan yari ko ɗaya. Majalisar dattijan kowane tsibiri ce ke tafiyar da gari. Wanda ya yi laifi a tsawatar masa a bainar jama'a, ko a ci shi tara, ko a ba shi aikin gari. Kifin da aka kamo tare kuma a raba wa kowane gida gwargwadon yawan bakinsa, har gidan da ba shi da namijin da zai fita teku. Mai yunwa ne ke sata, su kuwa sun toshe ƙofar yunwar.

Ummi:
Baba Sabo, ni dai abin da Abban Sadiq ya faɗa da wasa shi ya tsaya mini. Idan mutum bai yi sata ba saboda babu inda zai sayar kuma babu inda zai gudu, sai mu ce masa mai gaskiya, ko mu ce bai samu dama ba? A Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, a Disambar 2018 wani ɗan Rasha ya shiga banki da bindiga ya ƙwaci kuɗin ƙasar krona 70,000. Shi ne fashin banki na farko a tarihin wurin. Cikin ɗan lokaci aka kama shi, don babu titin da ya haɗa garin da ko'ina, hanyar fita ita ce filin jirgin sama. Kunya ba ta hana shi ba, ƙanƙara da teku ne suka tsare shi.

Kuma Svalbard tana da wata doka da ba a cika faɗa ba. Kowa zai iya zuwa ya zauna ba tare da biza ba, amma gwamna yana da ikon korar duk wanda ba zai iya ɗaukar nauyin kansa ba. Tristan ma baƙo ba ya sauka sai da izinin majalisar tsibirin, balle ya sayi fili ya zauna. Idan kana tace masu shigowa, kana kuma sallamar waɗanda suka gaza, dole littafin 'yan sandanka ya yi fes.

Abban Sadiq:
Tunda an shiga labarin masu ƙarfin hali, a tsibirin Sark da ke tsakanin Ingila da Faransa, a 1990 wani Bafaranshe masanin kimiyyar nukiliya da ba shi da aiki ya zo shi kaɗai da bindiga zai ci tsibirin da yaƙi. Har sanarwa ya manna cewa gobe da tsakar rana zai karɓi mulki. Ɗan sandan sa-kai na garin ya same shi zaune a kan benci, ya yi ta yaba bindigar, ya lallaɓa shi har ya cafke shi. Kwana bakwai aka ɗaure shi. Juyin mulki mafi arha ke nan a tarihi.

Hajiya Rabi:
Na bari kun gama dariya tukuna. Malam Sabo, duk misalan da kuke kawowa na dukiya ne: talabijin, banki, kifi, shanu. Laifin da ake yi wa abin hannu, kowa yana gani, kowa yana jin zafinsa, don gobe zai iya zama nasa. Ku yi mini maganar laifin da ake yi a bayan ƙofa, wanda mai yin sa kawu ne ko yayan miji.

Pitcairn ma tsibiri ne na Birtaniya, a kudancin Fasifik, bai fi murabba'in kilomita 5 ba. Shekaru da yawa ana rubuta labarinsa kamar yadda kake ba da na Tristan: mutane masu ibada, ba a kulle gida, ba a san sata ba. A 1999 aka tura wata 'yar sanda daga yankin Kent na Ingila ta je ta horar da jami'in tsibirin. Tana can wata yarinya ta buɗe mata baki. Binciken da ya biyo baya ya kai masu bincike har New Zealand da Ostireliya da Ingila, wajen matan da suka tashi a tsibirin suka bar shi, kuma labarinsu ya zo iri ɗaya: tun suna ƙanana ake cin zarafinsu, shekaru da yawa abin yana tafiya. A 2004 aka gurfanar da maza bakwai a tsibirin da mutanensa gaba ɗaya kusan 47 ne, tuhuma 55. An sami shida da laifi, har da magajin garin.

To kafin 1999, laifi nawa aka rubuta a littafin Pitcairn? Da ka duba da ka ce mana ga aljannar duniya.

Ummi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti Rabi, iyayen yaran fa? Ba wanda ya sani?

Hajiya Rabi:
Ummi, a garin da bai kai mutum hamsin ba, me ake ɓoyewa? An sani. Kafin a fara shari'ar ma wasu matan tsibirin sun tara 'yan jarida suna kare mazan, suna cewa al'adarsu ce yarinya ta fara mu'amala da namiji da wuri. Da yawa daga cikin waɗanda suka ba da bayani tun farko sun janye da dangi suka matsa musu. Waɗanda suka daure suka ba da shaida, ta bidiyo suka yi daga birnin Auckland na New Zealand, ba su iya tsayawa a gaban gari ba.

Ki san kuma yadda rayuwar wurin take. Babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai mazan gari sun fita da dogayen kwale-kwale cikin igiyar ruwa sun ɗauko kaya da magani da fasinja. Idan kika kai ƙarar mutum aka ɗaure shi, kin rage hannu ɗaya a kwale-kwalen da abincin gidanku ke shigowa ta cikinsa. An fito fili an kafa wannan hujja, cewa idan aka ɗaure mazan tsibirin zai mutu. Dogaro da junan da Malam Sabo ke yabo, shi ne dai igiyar da ta ɗaure bakin yaran nan. Kunyar da ta hana sata ita ce ta hana faɗa.

Malam Sabo:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma Pitcairn ba ma'auni ba ne. Dubi tushensa. Ma'aikatan jirgin ruwan Birtaniya mai suna Bounty da suka yi tawaye ne suka kafa shi a 1790: Turawa tara, da maza shida da mata goma sha biyu 'yan yankin Tahiti, waɗanda da yawansu ba da son ransu aka taho da su ba. Turawan suka raba ƙasa tsakaninsu, suka mai da mazan Tahiti bayi, suka yi ta rikici a kan mata. Kashe-kashe da giya suka cinye su, zuwa 1800 babban namiji ɗaya ya rage, John Adams. Garin da aka gina a kan satar mata daban, garin da aka gina a kan yarjejeniyar daidaito daban. Ba za a ɗora wa mutanen Tristan ko Tokelau laifin da ba a kama su da shi ba.

Barista Nura:
Malam yana da gaskiya a abu ɗaya, kuma ina so a riƙe shi: ba a yanke wa gari hukunci da zato. St Helena misali ce. Tsibirin Birtaniya ne, inda aka tsare Napoleon, tsohon sarkin Faransa, mutane sama da 4,000. Wata jaridar Birtaniya ta yi ta yayata cewa lalata da yara ta zama ruwan dare a can kuma hukuma tana rufa-rufa. Gwamnati ta naɗa babbar lauya Sasha Wass ta yi bincike, rahotonta ya fito a Disambar 2015. Ta sami sakaci da rashin iya gudanarwa a hukumomin tsibirin, amma ta ce hoton da aka zana na gari mai cike da masu lalata da yara ba gaskiya ba ne. Sai dai kafin rahoton ya fito, sunan mutanen ya riga ya ɓaci a duniya.

Amma Malam, tushen Pitcairn bai wanke hujjarka ba. Wannan Pitcairn ɗin ce a 1838 ta rubuta kundin mulki da ya ba mata damar zaɓe, ya kuma wajabta karatun yara, tun kafin Ingila kanta ta yi ko ɗaya. Suna da doka, suna da majalisa, suna da coci. Abin da ba su da shi shi ne mutumin da za a kai wa ƙara wanda ba ɗan'uwan wanda ake ƙara ba ne. Jami'in tsaron gari ɗan gari ne, alƙalin gari ɗan gari ne. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Ta fuskar shari'a ma abin ya ba da wahala. Lauyoyin mazan sun ce dokar Ingila ta 1956 kan laifukan jima'i ba a taɓa wallafa ta a tsibirin ba, har suka ce Birtaniya ba ta da iko da Pitcairn tun asali. Maganar ta kai kotun ƙarshe ta yankunan Birtaniya na ƙetare a Landan, a 2006 ta yi watsi da ɗaukaka ƙarar. Dalilin a taƙaice: ba sai an manna maka takarda a bango za ka san fyaɗe babban laifi ne ba. Alƙalai daga New Zealand aka kawo, aka gina gidan yari a tsibirin, kuma cikin waɗanda suka yi aikin ginin har da waɗanda ake tuhuma, don babu wasu ma'aikatan. Hukuncin da ya fi tsawo shekara shida ne, biyu kuma aikin al'umma kawai aka ba su.

Ummi:
Shekara shida? Yaya Nura, a Ingila ai da ya fi haka nesa ba kusa ba.

Barista Nura:
Sosai. Kotu ta yi la'akari da halin tsibirin wajen sassautawa. Kuma ba Birtaniya kaɗai ta taɓa yin haka ba. Ƙasar Chile a 1966 ta yi wa tsibirin Rapa Nui da ke ƙarƙashinta doka ta musamman, a cikinta aka ce ɗan asalin tsibirin da ya aikata laifin jima'i ko na dukiya a can, a rage masa hukunci mataki ɗaya ƙasa da na sauran 'yan ƙasa. Sama da shekara hamsin wannan sashe yana aiki kafin a soke shi. An yi shi da sunan mutunta al'ada, amma wanda ya biya kuɗin mutuntawar ita ce matar tsibirin, wadda doka ta ce cutar da aka yi mata ba ta kai ta macen da ke Santiago, babban birnin Chile, ba.

Malama Hadiza:
Ina bin ku tun ɗazu. Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato abin da tsegumi ke yi idan babban laifi ya faru kuma ba a san mai shi ba.

Tsibirin Norfolk, ƙarƙashin Ostireliya, mutane wajen 2,000, da yawansu jikokin mutanen Pitcairn ne da aka kwaso a 1856. A ranar 31 ga Maris 2002 aka tsinci gawar wata matashiya 'yar Sydney da ke aiki a can. Rabon da a yi kisan kai a tsibirin tun 1893. Bisa ka'idar Malam Sabo, garin da kowa ya san kowa ya kamata ya fito da mai laifin cikin mako guda. Abin da ya faru shi ne kowa ya zama abin zargi. 'Yan sanda suka ɗauki hoton yatsun galibin manyan gari. A zaman binciken musabbabin mutuwar a 2004 aka ambaci mutum 16 da ake sa wa ido, aka baje sirrin rayuwarsu a fili, wa ke neman wa, wa ya taɓa faɗa da wa. Ƙarshenta wanda aka kama a 2006 ba ya cikin sha shidan nan. Wani mai dafa abinci ne ɗan New Zealand da ya zo aiki na ɗan lokaci, ya kuma bar tsibirin abinsa. A 2007 aka yanke masa shekara 24. Binciken kimiyya ne ya kamo shi, bakin gari kuwa shekara huɗu yana cin naman waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, kuma su a garin za su ci gaba da zama.

Malam Sabo:
To Malama, baƙo ne ya yi ke nan, ba ɗan gari ba. Shekara 109 babu kisa. Wane birni ne zai iya faɗar haka?

Malama Hadiza:
Wane birni ne ke da mutum 2,000, Malam? Kisan kai abu ne mai wuyar aukuwa a ko'ina. Ka ɗauki unguwa mai mutum dubu biyu a ƙasar da ke zaman lafiya, za ta iya shafe shekaru masu yawa babu ko ɗaya. A ƙaramin adadi, shekara guda mai kisa ɗaya sai ta mai da gari kamar filin yaƙi a lissafi, shekarun da babu kuma su mai da shi kamar gidan waliyyai. Duka biyun ruɗin ƙididdiga ne. Kuma a 2004 an harbe wani minista na gwamnatin Norfolk ɗin a ofishinsa, ɗan cikinsa ne ya yi, kotu ta gano yana da taɓin hankali.

Game da rabon abinci kuma, na yarda yana rage sata, amma sai in akwai abin rabawar. Wani masanin al'adun al'umma, Raymond Firth, ya zauna da mutanen Tikopia a tsibiran Solomon a 1928 zuwa 1929, ya ga tsari mai ƙarfi ƙarƙashin sarakuna huɗu. Da ya koma a 1952 bayan guguwa ta lalata gonaki, yawan jama'a kuma ya tashi daga kusan 1,300 zuwa sama da 1,700, ya tarar sata ta yawaita a gonaki, mutane suna ɓoye abinci ko ga dangi. Mutanen su ne dai, sarakunan su ne dai, yunwa ce ta shigo. Kuma babban hukuncinsu na gargajiya shi ne a tilasta wa mai laifi ya shiga kwale-kwale ya nufi teku. Babu gidan yari, gaskiya ne, amma wannan kisa ne da ba a ga gawa ba.

Abban Sadiq:
Ni dai a kai ni gidan yari, na gode 🙏🏾

Hajiya Rabi:
Tokelau ɗin ma da Malam ya kawo, lokacin korona wani gida a tsibirin Nukunonu ya ƙi yarda da rigakafi, majalisar dattijai ta yi musu ɗaurin talala a gidansu watanni da yawa. Ba maganar rigakafin nake ba, kowa da ra'ayinsa. Ina tambaya ne: a wajen wa za su ɗaukaka ƙara? Waɗanda suka yanke hukuncin su ne maƙwabta, su ne masu raba kifin, su ne masu cewa wa zai hau jirgi.

Malam Sabo:
Duk na ji. Amma ku duba abin da shari'ar waje ta bari a Pitcairn. Gari ya rabu biyu, 'yan'uwa ba sa ga-maciji. Aka cika tsibirin da jami'ai daga waje, ɗan sanda, ma'aikacin jin daɗin jama'a, masu gadin kurkuku, har yawansu ya zama abin magana a garin da bai kai mutum hamsin ba. Yau baƙo ba ya zuwa da yaro ƙarami sai da izini na musamman. Gwamnati ta yi tayin fili kyauta ga duk mai son ya zo ya zauna, kusan babu wanda ya amsa. Ashe babu wata hanya tsakanin rufa asiri da rusa gari? Da an yi sulhu irin wanda ake zaunar da mai laifi da wanda aka cuta a gaban jama'a, ya amsa laifinsa, ya biya diyya, ba zai fi ba?

Barista Nura:
An yi tunanin wannan hanyar, Malam, an tattauna ta kafin a je kotu. Matsalarta sharaɗinta na farko shi ne mai laifi ya amsa, alhali mafi yawansu sun ce ba su yi laifin komai ba, gari kuma yana bayansu. Sulhu yana aiki ne idan jama'ar da ke zaune a wurin sun riga sun yarda an yi zalunci. Idan su ne masu cewa yarinyar ce ta jawo, zaunar da ita a gabansu ƙarin azaba ne. Diyya kuwa an biya daga baya, amma Birtaniya ce ta buɗe tsarin a 2008, ba gari ba.

Abin da na fi ganin amfaninsa ba shi da armashi: jami'i daga waje wanda ake sauyawa kafin ya zama ɗan gida, likita ko malamin makaranta da yaro zai iya yi wa magana a keɓe, da layin waya ko intanet da ba sai an bi ta ofishin magajin gari ba. Amma ko wannan yana da nasa cikas. Jami'in da zai tafi bayan ɗan lokaci ba a sakin jiki da shi, wanda ya daɗe kuma sai ya fara cin abinci a gidajen da ya kamata ya bincika.

Malam Sabo:
Ka ga ni ko? Kai ma ka dawo kan cewa sai an san mutum ake gaya masa magana. Kuma har yanzu ina nan a kan cewa shari'ar ce ta ƙarasa kashe Pitcairn.

Hajiya Rabi:
Malam, a 1937 mutanen Pitcairn sun haura 230. Kafin 'yar sandan nan ta taka tsibirin a 1999 sun riga sun koma ƙasa da sittin. Ba alƙali ne ya kore su ba. 'Yan matan da ake turawa makarantar sakandare a New Zealand, da yawansu ba su sake komawa zama ba, kuma a can masu bincike suka je suka same su.